Ƙoƙon Baba Obadiah

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Tukunyar ta iso yau. Ta tagulla ce, mai dogon wuya kamar zalɓe. A jikin kwalin an rubuta wai don tace man furanni aka yi ta, ni ma haka na gaya wa matata Damaris. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta ce, "Furanni ko? Allah ya ba da ƙamshi." Ta koma kicin.

Matar da ta san yadda nake tari idan zan yi ƙarya. Ban san me ya sa na wahalar da kaina ba.

Na kai ta shed, ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida, kusa da bokitan burukutuna. Burukutun ba laifi ba ne a ƙasar nan ta Turai, tun bara nake dafawa da dawar da nake sayowa a Deptford. Tace shi ya zama barasa ne sai da lasisi. Na karanta dokar tsaf. Ni dai ba na yin laifi sai na yi nazarinsa.

Lahadi, 10 ga Maris

Damaris ta tafi coci, ni ina shed. Shekara nawa rabona da sujada, ta daina ƙirgawa.

Yau ranar iyaye mata ce a nan, kowane kanti furanni. Ngo, uwata, na ta faɗo mini. Da burukutu ta biya mini makaranta har na zama malamin adabi a Jos, kuma saboda burukutun dattawan coci suka hana ta cin jibin Ubangiji har ta mutu. Yanzu ɗanta yana jera littattafai a laburaren council, wato ƙaramar hukuma, a Abbey Wood, yana nuna wa tsofaffi yadda ake printing. A ƙalla warin tsiron dawa bai canza ba. Idan na rufe ƙofar shed, ina tsakar gidanmu.

Ngo ba ta taɓa miƙa wa mutum ƙwarya ba sai ta fara kurɓa a gabansa. Ko ɗan'uwanta ne.

Alhamis, 14 ga Maris

'Yata Kaneng ta leƙo daga aiki, ta shiga shed neman wani akwatinta. Ta fito tana toshe hanci. "Dad, this is illegal." Na amsa mata da Hausa cewa kimiyya ce. Ta ce a Jos sunan wannan kimiyyar goskolo, barasar da ake tacewa a ɓoye, kuma ta ji labarin samarin da ya kwantar. 'Yar da ba ta iya gaisuwar safe da Hausa ba, amma ta san goskolo.

Na ce mata waɗancan jahilai ne, ba sa karatu. Ni littafi uku na karanta a kan abin.

Asabar, 23 ga Maris

Ban kunna ba. Tsoro, ina ji. Na goge tukunyar har ina ganin fuskata a ciki, hanci ƙato.

Laraba, 27 ga Maris

Wani abu ya faranta mini rai, ba wanda zan gaya wa.

Duk littattafan sun yarda a kan abu ɗaya: ruwan da ya fara ɗigowa daga wuyan tukunya ba a sha, zubarwa ake yi, a nan mugun abin yake taruwa. To a ƙauyenmu me ake yi da kan giya, wato ɗiban farko? A ƙasa ake zubawa, don waɗanda suka riga mu. Ashe kakannina da masanan Turai makaranta ɗaya suka yi. Na yi ta dariya ni kaɗai a bas.

Sai na ga ai ba zan watsar da shi a sink kamar ruwan wanke-wanke ba. Zan zuba wa Ngo. Amma ɗa ba ya zubawa da hannunsa idan akwai babba a kusa. Na kira Baba Obadiah.

Alhamis, 28 ga Maris

Baba ya ce zai zo bayan Ista. Ya fara da wa'azi, ba shakka, dattijon coci ne, shi ne mai karatu a sujadar Hausa tun kafin mu zo ƙasar nan. Sai muryarsa ta sauka ya ce, "Ngo ce ta ciyar da ni lokacin da nake makarantar mishan. Na san abin da aka yi mata. Ina cikin ɗakin ranar da aka hana ta jibin." Bai taɓa gaya mini ba.

Ya ce kada Damaris ta sani. Na ce ranar tana taron zumuntar mata.

Asabar, 6 ga Afrilu

An yi.

Baba ya taso tun daga Dagenham da sandarsa da hularsa ta ulu. Muka zauna a shed kamar ɓarayi biyu masu ciwon gwiwa. Da abin ya fara ɗigowa na tare shi a ƙoƙon da na zo da shi daga gida, har ya kusa rabi. Wari kamar na abin goge farce. Na miƙa masa da hannu biyu.

Muka fita wajen ɗan ciyayin da ke gefen katanga. Ya cire hula, ya kira sunan Ngo na yanka, ya yi magana da yarenmu, doguwa. Ya nemi gafararta. Ni ina kallon ƙasa don idona ya cika. Na ji ɗigo uku ko huɗu a kan ciyawa. Da na ɗago, ƙoƙon yana bakinsa.

Ya shanye. Ya yi tari, ya goge baki, ya ce, "Kai, wannan ba na yara ba ne."

Na manta. Babba ba ya zubar da duka. Yakan ɗiga wa ƙasa, ya sha sauran, don a raba da matattu. Sau nawa na gani da idona ina yaro? Littafi uku, kuma wannan ɗin da ba a rubuta ba shi na manta.

Na ce, "Baba, ai wannan ba na sha ba ne." Ya ce, "Kai za ka koya mini?" Muka yi dariya. Ni ma na yi. Na raka shi tasha, yana tafiya garau, yana ba ni labarin wani fasto da akuya ta cinye wa takardar wa'azi.

Ba komai. Rabin ƙoƙo ne. Yana da ciwon suga, amma rabin ƙoƙo ne.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da rana

Damaris ta dawo daga coci da wuri. Ta ce Baba ya hau karatu, ya yi layi biyu ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya tambaya wa ya kashe fitila. Fitilu kuwa duk a kunne. Sai amai. An kira ambulance.

Ta ce, "Sugan nan ne, ba ya jin magana." Tana cire ɗankwali, ba ta kalle ni ba.

Na ce Allah ya sawwaƙe. Na ci abinci. Na cinye, har da ƙari.

Lahadi, da yamma

Damaris ta kira asibitin, an haɗa ta da Baba. Ya gaya wa likitoci shayi da burodi kaɗai ya ci jiya. Yana rufa mini asiri, ko yana rufa wa kansa, dattijon coci da barasa a ciki. Wataƙila duka biyun.

Idan na faɗa: 'yan sanda, aikin laburare, sunan Damaris a bakin zumuntar mata. Idan ban faɗa ba, suna can suna neman ciwon a inda ba ya nan.

Na kira Dakta Fa'iz, maƙwabcinmu Bakano da muke musayar littattafai ta kan katanga. Na ce wani abokina ne yake tambaya, a ce mutum ya sha kaza. Bai yarda da zancen abokin ba. Ya ce, "Malam Bernard, ni ban taɓa sha ba, amma ina jin warin shed ɗinka tun watan jiya. Yaushe ya sha?" Na faɗa. Ya ce, "Inna lillahi. Ɗauko abin da ya rage. Ina fitowa da mota."

Na ce ko za a bari zuwa safe. Ya ce, "Idon mutum kake ciniki da shi?"

Litinin, 8 ga Afrilu

Na faɗa musu a asibitin. Wata likita ƙarama, sa'ar Kaneng, ta saurare ni ba ta ko ɗaga gira ba, ta karɓi kwalbar abin da ya rage da ƙoƙon a leda. Tambaya ɗaya ta yi: me ya sa ba a faɗa tun da rana ba. Duk Turancina ya gudu.

An sa Baba a na'urar wankin jini.

Damaris ta zo ta same ni a benci. Fa'iz ya riga ya gaya mata, ni na roƙe shi, ban iya ba. Ta zauna, ta bar kujera ɗaya tsakaninmu. Can ta ce, "Ka zauna ka ci tuwona jiya kana sane." Ba ta ƙara ba. Da ma zagi ta yi.

Talata, 9 ga Afrilu

Zai rayu. Idon ne ba su sani ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

An bar ni na shiga wurin Baba. Yana kwance, idanu a buɗe, suna kallon wani wuri kusa da kunnena. Na gaishe shi. Ya ce, "Bernard ne? Muryar mai laifi." Sai ya ce ashe ni babban baki ne da ni, yanzu duk Dagenham za a ji dattijo ya sha goskolo.

Na ce, "Baba, ka gafarta mini." Ya ce in bar wannan, shi ya ɗaga ƙoƙon da hannunsa. Sannan ya ce, "Amma uwarka da ta fara kurɓa."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Kamar mai gyara wa yaro karatu.

Gaskiya ne. Na miƙa wa mutum abin da ni kaina na san ba zan kai bakina ba. Da na bi ta hanyar Ngo, da na tsaya da ƙoƙon a hannu, da na ce Baba wannan na ƙasa ne duka. Na ɗauki rabin al'ada, rabin littafi, na haɗa.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Ba wanda ya zo daga hukuma. Kowace mota ta tsaya a ƙofa sai na leƙa ta taga. Kunya ce a ce wannan ma yana damuna, mutum na can ba ya ganin hannunsa.

Kaneng ta kira. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ce, "Dad, ka ci abinci?" Da Hausa.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Likitan ido ya ce na hagu ya tafi. Na dama yana ganin haske da siffar mutum, wataƙila ya ƙaru, wataƙila a'a. Ya ce sugan ya daɗe yana cin idon, ba zai iya raba wanne ne na suga wanne ne na abin da ya sha ba. Fa'iz ya ce in riƙe wannan. Na gwada. Ba ya riƙuwa.

Damaris ta fara ajiye mini abinci a tebur maimakon a tukunya. Ci gaba ne, ina ji.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na kwance tukunyar na kai wurin zubar da kaya na council. Ma'aikacin ya ɗaga wuyan ya ce kyakkyawa ce, me ake yi da ita. Na ce furanni.

Bokitan ma na wanke. Ban yanke shawarar komai ba, wuri kawai nake so a shed.

Alhamis, 2 ga Mayu

An sallami Baba. Na je Dagenham don in kai masa maganinsa, na tarar da wasiƙu sun taru a bakin ƙofa. Na karanta masa. Daga nan ya ce in ɗauko littafinsa na sujada in karanta inda zai karanta ran Lahadi, yana so ya ji. Na karanta. Ya tsayar da ni sau da yawa. Wai ina gudu kamar mai sanarwar jirgi, wai malamin adabi bai san inda ake numfashi ba. Duk yana kansa, ba ya bukatar shafin.

Ya ce yaran yanzu ba mai iya karanta Hausa a gaban jama'a. Na ce lallai matsala ce. Na gane inda ya nufa, na yi kamar ban gane ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na raka Damaris ne kawai saboda an yi cancel ɗin jirgin ƙasa, kuma ana bukatar wanda zai riƙe wa Baba hannu a matakala. Da aka zo karatu ba wanda ya tashi. Baba ya zungure ni da sanda. Na karanta, ba wani abu ba ne, layi goma sha wani abu ne. Yana gaba yana motsa baki tare da ni, ya gyara mini wuri ɗaya da ƙarfi, mutane suka yi dariya. Wasu matan ba su gaishe ni ba. Suna da gaskiya.

Bayan an tashi muka kai shi gida. Damaris ta dama masa kunun gero ba suga, ta zuba a flask. Asibiti sun dawo da ƙoƙon a ledarsa, yana kan firij ɗinsa, ya ce a ciki zai sha. Na wanke shi sosai, na zuba, na kawo.

Ya miƙo hannu yana lalube. Ban ba shi ba tukuna. Na kurɓa.

Ya ji ƙarar haɗiyar. Ya juyo da idonsa na dama wajena, ya ce, "Na ga kamar mutum a tsaye." Na ce ni ne. Ya ce, "To miƙo, kada ka shanye mini."

Kunun ya yi tsami kaɗan. Ranar Alhamis zan koma, akwai wasiƙu.