Na Kife Malmala da Hannuna

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Albishirinki. Tun hatsarin da muka yi, wanda ya ɗauke maigidana Malam, hannuna na dama ya ƙi kifuwa, har tuwon yara maƙwabta ke kwashe mini. Likita a Bici ya ce tsoka ce ta yi rauni, wadda ta taso daga gwiwar hannu ta gitta zuwa ƙashin gefen babban yatsa. Ita ke kife tafi. Ya sa ni juya muciya kullum.

Jiya na tuƙa 'yar dawar da ta rage, na ɗauki mara, na kife malmala da kaina! Surukata ta ce, "Rabi, sake mu gani." Na sake, ina dariya ina hawaye, don malmalar farko kullum ta Malam ce.

Ki sa mu a addu'a. Gaida Inna.

Ƙanwarki,
Rabi