Na Ce Mata Likita Ma Haka Ta Ce

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙonku, kafin wani ya ɗaga yatsa ya zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shekara uku ke nan ina ɗauke da abin nan, ko mijina bai sani ba.

A Makka aka haife ni, a unguwar Tandabawi. Iyayena Kanawa ne, kakata ce ta raine ni, a bakinta na koyi Hausa. Ina da iƙama, wato takardar zama, mijina ma yana da ita, direba ne a wani kamfani. Muna zaune a unguwar Mansur. Ba zan ɓoye muku ba, mu haifaffun nan muna da wani ɗan girman kai a kan sababbin zuwa. Muna jin Larabci, mun san hanya, mun san asibiti, sai mu riƙa ganin kamar mun fi su da wani abu.

Akwai wata baiwar Allah, zan kira ta Asabe duk da ba sunanta ba ne. Ita da mijinta gudun hijira suka yi daga wani gari a bakin tafkin Chadi bayan an ƙone musu gari. Suka sayar da abin da ya rage, suka zo Umara, ba su koma ba, don ina za su koma? Suka kama ɗaki ɗaya a saman gidan da muke haya, mijin yana wankin mota. Ba su da takarda ko ɗaya. Asabe ko ƙarar mota ta ji a ƙofar gida sai ta ɗauka jawazat ne, masu kama marasa takarda. Yaya take ce min ko da yake shekara ɗaya kacal na ba ta. Allah ya haɗa mu da ciki kusan tare, nata ya girmi nawa da 'yan makonni, kuma dukanmu cikin fari ne.

Ni ina zuwa awo, ita ba ta zuwa. Da wace takarda za ta je, da wane Larabcin? A asibitin da nake zuwa akwai darasi da ake yi wa masu ciki duk Talata bayan awo, a wani ɗaki a sama, kan abinci da naƙuda da shayarwa. Da na ba ta labari sai ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ki zama kunnena. Duk abin da suka faɗa ki kawo min, ni ba ni da uwa a garin nan." Na ce mata an gama.

Sau ɗaya na shiga darasin nan. Ranar farko ina zama, matar da ke kusa da ni ta janye jakarta, ta gyara abayarta, ta juya ta ce wa ƙawarta, "Har takari ma ana koya musu?" Takari shi ne sunan rainin da suke kiranmu da shi, mu baƙaƙen fata. Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. A garin da aka yanke min cibi! Na zauna har aka tashi amma ban ji kalma ɗaya ba, kunnena zafi kawai yake yi. Daga ranar, in an gama min awo sai na hau tasi na tafi gidan mahaifiyata a unguwar Shisha, na sha shayi, na kwanta, la'asar na dawo. Ina shigowa zan tarar da Asabe a kan matakala tana jirana da ƙaton cikinta. "Yaya, yau me aka koya?" To me zan ce mata? In ce ni da take yi wa kallon rabin Balarabiya an kore ni da dariya? Sai na riƙa kwaso abin da na ji a bakin kakata ina sa masa rigar asibiti. Ki rage zaƙi, kada ki yi barci da rana, ki riƙa tafiya. Ita kuwa tana haddacewa tana maimaitawa, har da cewa Allah ya saka wa likitar nan da alheri.

A ɗakinta ta haihu, da hantsi. Wata tsohuwar ungozoma da ke unguwar, Iya muke ce mata, ita ta karɓi haihuwar. Namiji ne, santalele, gashi cike da kai. Aka tauna masa dabino, aka ɗiga masa zamzam. Da Asabe ta miƙa hannu za ta sa shi a nono sai Iya ta ce a dakata, ba a ba yaro nonon fari sai an gwada. Ta tatsi dakashin nan mai kauri rawaya a cikin finjalin gahawa, ta kamo tururuwa a gindin bango ta jefa a ciki. Ta ce in ta fito nonon lafiya, in ta mutu to yana da ƙaiƙayi. Mu uku muka sunkuya a kan finjalin. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu, ta yi ta mutsu-mutsu, sannan ta tsaya. Iya ta ce, "Kun gani ko? Wannan in ya sha, sai dai wani ba shi ba."

Asabe ba ta kalli Iya ba, ni ta kalla. Ta ce, "Yaya, likitar taku me ta ce a kan wannan?" Wallahi ban san me ta ce ba, ina Shisha ina shan shayi lokacin da take faɗa. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma bakina ya buɗe na ji kaina ina cewa, "Ita ma haka ta ce."

Ni da kaina na sauka kanti na sayo gwangwanin madarar farko da fida, ina jin daɗi na yi abin kirki. Iya ta ba ta jiƙo ta sha na mako guda, aka sake gwaji, tururuwa ta sake nutsewa, aka yanke cewa yaro ya zauna a kan madara. Na ga Asabe ta ɗaure ƙirjinta tamau da ɗankwali, nono ya kumbura yana zuba yana jiƙa mata riga, yaron yana kuka yana juya kai yana nema, ita tana kuka tana kaɗa fida. Ɗakin ba firiji, ga zafin Makka, ruwan kuma na tankin saman gida ne. Da gwangwani ya fara ƙasa sai ta riƙa rage cokali don ya kai ta ƙarshen mako.

Yaron yana da kwana ashirin na haihu a asibiti. Ana goge 'yata ma'aikaciyar ta ɗora min ita a ƙirji ta ce na ba ta. Na ce a'a, sai an zubar da nonon farin. Matar ta tsaya ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya miki? Wannan shi ne maganinta na farko, babu abin da ya fi shi. Mun yi darasi guda a kansa, ai sunanki yana cikin masu zuwa." Na ce to nonon da tururuwa ta mutu a ciki fa? Ta ce ko a zuma kika jefa tururuwa mutuwa za ta yi.

Nan ne laifina na gaske, 'yan uwa. A lokacin yaron Asabe yana da rai. Ina da waya, mijinta yana da waya. Daga asibiti gidanmu na Shisha aka wuce da ni wankan jego, na ce a raina in na koma zan san dabarar da zan gaya mata ba tare da na tona kaina ba. Kullum sai na ɗauki wayar na ajiye. Kwana goma sha ɗaya ina wannan dabarar. Ran na sha biyu mijina ya shigo ya ce yaron saman bene ya rasu. Gudawa ce ta kama shi, maɗigarsa ta faɗa, suka yi ta tsoron fita da shi saboda takarda, kafin su yanke shawara rai ya yi halinsa.

Na san ajali ne, na san ko da nonon ya sha in kwanansa sun ƙare zai tafi. Amma ku gaya wa zuciyata haka. Shekara biyu na shayar da 'yata, babu ranar da ta kama nono ban ga wancan yaron yana juya kai yana nema ba. In na ji ƙarar cokali a jikin gwangwani sai gabana ya faɗi. Tururuwa in na gani a madafa ba na iya taka ta, tsayawa nake ina kallonta har abincina ya kama. Na je Harami na yi ɗawafi na yi kuka, amma yaya zan roƙi Allah ya yafe min haƙƙin wadda nake gaisawa da ita kullum a matakala ban nemi gafararta ba? Ita kuwa har gobe in ta yi ɗanwake sai ta sauko min da shi, ta goya 'yata, tana gaya wa sababbin zuwa cewa Yaya ce likitarta.

Yanzu Asabe tana da cikin wata takwas. Makon jiya ta kira ni ɗakinta ta ɗaga labule ta nuna min gwangwanin madara biyu da ta tanada. Na daure na ce mata, "Asabe, likitoci fa sun canza magana. Yanzu cewa suke a ba yaro nono tun daga fitowarsa." Ta girgiza kai ta ce wannan ga masu nono mai kyau ne. Na nace, na ce mu gwada wannan karon. Sai ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta durƙusa a gabana ta ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ke kin gaya min, likita ta faɗa, Iya ta faɗa, ni ce ban ji ba. Wata rana da azahar kukansa ya ishe ni, na kwance ɗankwalin na ba shi. Ya sha har ya yi barci, ban taɓa ganin ya yi barci irin wannan ba. Bayan kwana uku gudawar ta fara. Ni na kashe ɗana, Yaya. Wannan ko zai shiɗe da kuka ba zai ɗanɗana ba."

Ina zaune ina kallonta, na san nonon kirki ɗaya da yaron nan ya sha a duniya shi ne wanda take kuka a kansa shekara uku. Na shafa bayanta na ce ta yi haƙuri, na sauko.

Na gane ba za ta yarda da sabuwar magana ba muddin tsohuwar maganar tana tsaye, tsohuwar kuwa ba za ta faɗi ba sai na ce mata, Asabe, ban taɓa jin darasin nan ba, ƙarya na yi miki, kuma na san gaskiya ɗanki yana da rai na yi shiru. In na faɗa, da wane ido za ta dube ni, kuma wa zai yarda da maganar maƙaryaciya a kan jaririnsa? In na yi shiru, Iya tana nan da finjalinta. Saura mata mako huɗu ko biyar, jiya ma ta aiko min cewa ranar haihuwa lallai in kasance kusa, don in ta waiga ta tambaya akwai wadda za ta gaya mata gaskiya.

Don girman Allah ku taimake ni. Me zan yi?