Ƙofar gidan su Sani

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya garin Diffa da 'yan uwanka sojoji? Inna da Baba suna lafiya, ƙafar Baba ma da sauƙi.

Yaya, yau na yi magana a aji! Ni da ko sunana aka kira sai in sunkuyar da kai. Madam Rabi ce ta karanta mana labarin wani soja da ya dawo daga yaƙi lafiya, amma ya daina dariya. Ta ce, "Me ke damunsa?" Wani ya ce gajiya, wata ta ce yunwa. Ina tsoron a yi mini dariya, sai kawai na ji bakina ya ce, "Kunya yake ji, shi ya dawo, abokinsa bai dawo ba." Madam ta rubuta maganata a allo, har ta ja mata layi!

Amma ka yafe mini, ba a littafi na samo amsar ba. Da ka zo hutu na lura kana zagayawa ta bayan masallaci, don kada ka bi ta ƙofar gidan su marigayi Sani da kuka tafi tare. Wallahi ban ambaci sunanka ba.

Da aka tashi lakwal muka fito daga aji, sai na shiga gaida mahaifiyar Sani. Ashe ita ma ta lura. Ta ce in gaya maka, ɗa ɗaya ta rasa, kada ka sa ta rasa biyu.

Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Duk garinmu Kara-Kara na gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ka bi ta ƙofar nan.

Ƙanwarka,
Zalika