Abin da ya ci hannuwana

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina fata kana lahiya, da Inna, da iyali, da mutanen Morai baki ɗaya. Ya damina? Yau shekara ukku rabona da gida.

Hannuwan nan nawa sun tsattsage har alwala ta zama azaba. Abokan aiki suka daina haɗa kwano da ni, wai ƙazuwa ce. Likita ya liƙa mini filasta a baya da ɗigon kowane sinadari da muke taɓawa, sai wurin da aka ɗiga ruwan busar da fenti ya tashi jawur. Kamfanin da nake wa aiki ya kai ruwan gwaji, aka sa shi cikin waɗanda in fata ta ƙi su, ta ƙi ke nan har abada. Yanzu an manna gargaɗi a duro, an raba safar hannu. Sun biya magani, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma me ya hana a gwada tun farko? Likita ya ce ni da aikin nan sai hange.

A sa ni addu'a. Ka gaishe da Kawu na Maradun, kada dai Inna ta ji tukuna. Abin da na tara: kuɗin mota, da turmin atamfarta guda.

Ƙanenka,
Lawali