Shuɗin zanen Inna

Yaya,

Na wuce wurin aiki, ban samu jiranki ba. Don Allah kafin ki buɗe kwandon ɗinki, karanta wannan.

Ɗazu matan layinmu suka zo mu ƙarasa bargon jaririn maƙwabciya. Ƙyallayen tsakiya suka kasa. Na zura hannu can ƙasan kwando, na jawo wani shuɗin zane da ya koɗe, na sa masa almakashi. Sai da na ga facin hannun Inna, Allah ya jiƙanta, sannan na gane zanenta ne. Shi ne wanda kika adana shekara shida, don bargon ɗanki na fari in Allah ya kawo.

Sun riga sun ɗinke ƙyallensa guda tara a cikin bargon. Kunya ta hana ni faɗa musu. Bargon yana kan keken ɗinki, sai gobe za a kai. In kin ce a farke, ni zan farke da hannuna.

Bakin zanen da Inna take ɗaure makullinta ban taɓa ba. Yana ƙarƙashin matashinki, har yanzu da ƙullin da ta yi.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki