Mataki na Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan saman da ke jiƙa ƙasar zuciyata, Dogona, baban 'ya'yana.

Ina rubuta maka wannan ne a teburin aikina lokacin hutun rana, abincina ya huce ban taɓa ba. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo. Abokiyar aikina har ta tambaye ni ko kujerar ce ke cizona. Ta yaya zan ce mata mijina ne ya hana ni sukuni?

Shekara goma sha huɗu ke nan ina abu ɗaya a asibitin nan. Kafin a shiga da mutum tiyata ni ke auna shi, a tambaye shi shekaru, suga, hawan jini, shan taba, in zuba amsoshin a kwamfuta, ita kuma ta faɗi yiwuwar ya samu matsala bayan aikin. Lamba ba ta taɓa ba ni tsoro ba sai jiya, da takardar aikin cikinka ta zo hannuna. Yiwuwar matsala uku cikin ɗari kacal! Kowa ya ce in gode Allah. Ni kuwa idona na kan tambayar nan da ke cewa, shin majiyyaci na hawa bene hawa biyu bai tsaya ba? Ka ce wa likita ƙwarai kuwa, har da dariyarka.

Haba, farin watana! Ka tuna ranar da muka tare a gidanmu? Ka ɗora katifa a ka, ka haye bene kana waƙa, kana tsokanata wai kunkuru ma ya fi ni sauri. Wancan Dogon ne ya amsa wa likita. Na yanzu wata biyar ke nan yana tsayawa a mataki na goma sha ɗaya yana laluben makulli a aljihu, alhali makullin na hannuna. Ni kuma sai in duƙa ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi, ina sauraron numfashinka, don kada ka ji kunya. Mun daɗe muna wannan wasan, kuma da laifina a ciki.

Kwamfuta ba ta san matakalarmu ba, abin da aka ba ta shi take taunawa. Ukun nan na wani mutum ne da ba ya haki, ba naka ba ne. Na ga masu ƙarfi irinka sun shiga da murmushi, kwana biyu bayan aiki zuciya ta gaza. Ina zan sa kaina in aka fito da kai haka? Wa zai shigo mini da ƙurar katako a gashin gira, in yi ta mita?

Na san ciwon ya ishe ka, na san shagonka na kafinta na jiranka, shi ya sa kake tsoron a ɗage aikin. To, an ɗage. Da safen nan na shiga wurin likita na gaya masa komai, har da makullin. Ranar Litinin za a duba zuciyarka.

Ka yi fushi, ranka ya daɗe, ka ƙi cin abincina, ka share ni mako guda. Na ɗauka. Mai fushi dai yana numfashi.

Taka har ƙarshen rayuwa, wadda yau ma za ka tarar a mataki na goma sha ɗaya. Amma yau ba zan gyara takalmi ba, hannunka zan riƙe.