Uwar Asger a Rumfarmu

Litinin, 9 ga Satumba

Mun iso garin Herning ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baje kolin masu aikin ceto: 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, masu motar asibiti. Rumfarmu na dab da banɗaki. Troels, mai kamfaninmu, ya ce wuri ne mai albarka tunda kowa sai ya bi ta nan. Shi komai albarka ne, tunda ba shi zai wuni a tsaye ba.

Hajarmu awarwaron roba ne da ɗan ƙarfe, ɗauke da sunan yaro da lambar iyayensa. In masu ceto suka saba duba hannun yaro, hukumomi za su saya, makarantu su bi. Amma maƙwabtanmu motar kashe gobara suka kawo, sabuwa fil, da tsaninta. Wa zai tsaya kallon roba? Shi ya sa na zo da Solvej.

Talata, 10 ga Satumba

Solvej ta yi ƙoƙari. Ɗanta Asger ba ya magana tun haihuwa. Hunturun bara waccan ya sulale daga gida tana shanya, a tafki aka same shi. Ni na tsinto ta a jarida, ni na koya mata tsayuwa da makirufo, ni na shirya mata maganar rufewa: "Da na ɗaura masa wannan, da yau yana makaranta."

Na ɗan ƙara gishiri: wai wata mata ta gan shi a tashar bas, ba ta san ɗan waye ba, ta wuce. Ba wanda ya faɗi haka, amma ai ba wanda ya ce ba a yi ba. Yanzu Solvej har launin rigar matar take faɗa.

Ƙattin maza sun yi tsit, wani yana share ido da bayan hannu. Daga nan sai su juyo wajena. Aikina ke nan.

Laraba, 11 ga Satumba

Da safe Solvej ba ta yi kuka ba. Ta karanto labarin kamar mai sanar da zuwan jirgin ƙasa, mutane suka ɗebi alewar gishirin da ke kan tebur suka yi gaba.

Na ja ta bayan labule. Na ce, "Solvej, ba labarin yanayi na ɗauko ki ki karanta ba."

Ta ce, "Vibeke, yau kukan ya ƙi zuwa."

Na ce, "To ki tuna takalminsa. Kin ce ƙafa ɗaya aka dawo miki da shi."

Zagaye na biyu hawaye har haɓa. Ba na jin kunyar wannan. Wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa, ni kuwa duk inda aka ba ni tsintsiya sharewa nake. Kuma yara muke ceto, ko ba haka ba?

Da rana wani ɗan sanda ya tsegunta min cewa mutumin da ya tsamo yaron yana cikin taron. Ejvind sunansa, ɗan kwana-kwanan sa kai daga garin su Solvej. Na same shi yana cin baƙin burodi da kifi, dattijo mai ƙaton hannu. Na ce gobe ya hau dandamali ya gaisa da uwar.

Ya ce, "Ta sani?"

Na ce ita ta roƙa.

Ban faɗa mata ba. In ta sani za ta shirya, kukan shiri kuwa ana gane shi. Troels ya ce in tabbatar akwai mai ɗaukar hoto.

Alhamis, 12 ga Satumba

Tsinannen tsoho.

Zaure ya cika, shugabannin yankuna a layin gaba. Solvej ta kai kan matar tashar bas, ta faɗi maganar rufewa, na kira Ejvind. Tana ganinsa ta dafe tebur. Daidai yadda na so.

Na miƙa masa makirufo. Ya kalli awarwaron da ke hannunta, ya kalle ni. Ya ce, "Wace tashar bas? Tafkin yana bayan shingenki, Solvej. Sawunsa na nan a kan ƙanƙara, daga ƙofar lambu zuwa ruwa, bai ratse ko'ina ba. Ba wanda ya gamu da shi."

Na yi dariya, na ce lokaci ya ƙure. Ya ƙi sakin makirufon.

Ya ce, "Sunansa kuwa mun sani. Duk garin sunansa muke kira. Wannan abin yana da amfani ga yaron da aka tsinta da rai. Naki ko goma kika ɗaura masa... Wa ya ce miki laifinki ne?"

Juyowa kawai ta yi ta kalle ni, zauren gaba ɗaya ya bi idonta.

Troels ya kira daga mota. Ya ce, "Ke kika gayyato shi? Ke da hannunki?" Ya ce gobe ranar ƙarshe, ta dawo ta faɗi labarin yadda aka tsara, yawancin masu zuwa gobe ba su ji na yau ba. In ba haka ba in nemi wani aikin.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na zaci ba za ta zo ba. Ta riga ni isowa, har ta jera awarwaron bisa launi.

Ta ce, "Kin san babu matar tun farko?"

Na ce na sani. Na jira mari.

Ta ce, "Zan faɗa duk da haka. Yadda kika rubuta."

Na ce me ya sa? Ta ce a gida mijinta ba ya ambaton sunan yaron, uwarta ta kwashe hotuna, ƙawaye sai su sauya zance. "Nan ne kaɗai nake cewa Asger mutane su tsaya. In sai na ce laifina ne za su tsaya, to laifina ne."

Abin da Troels ke so ke nan, ya zo har gida ba roƙo ba lallashi. Ta miƙo hannu in ba ta makirufo.

Na ce ya lalace.

Ta ce jiya ai lafiyarsa ƙalau. Na ce to yau ya lalace, ta zauna ta daina damuna.

Muka zauna kan kwalaye a bayan tebur. Shirun ya ishe ni, shi ya sa kawai na tambaye ta me yake son ci. Wai ɗanyen karas, amma sai an yanka shi a tsaye. In aka yanka a kwance sai ya jera su a bakin taga ya ƙi taɓawa. Ta yi dariya, wata irin dariya mara daɗin ji, ta ci gaba. Wai yana son ƙarar injin wanki. Wai yana shinshina gashinta kafin ya yarda ita ce.

Shugabanni biyu daga yankin kudu suka tsaya a gaban rumfa, waɗanda na yi wata da watanni ina bi. Suka ɗaga awarwaro, suka juya shi, suka duba ko akwai mai kula da su. Wayata na ta rawa a aljihu.

Ƙafafuna ne ke ciwo, tun Litinin nake tsaye. Ba wani abu ba ne.

Sun jira, sun gaji, sun tafi. Tana kan labarin ranar da ya fara yarda a yi masa aski.